Atamfar da aka zana a wurin rakiya

Maigidana mai zanen atamfa ne. Haka nake faɗa har yanzu in an tambaye ni, duk da cewa ya daɗe bai riƙe buroshi ba. A masaƙa ya koyi aikin, a nan Kakuri ta Kaduna, tun ina budurwa ina wucewa ta bakin ƙofarsu zuwa makarantar koyon buga tafireta. A sashen zane yake, wani ɗaki mai manyan tagogi a saman bene, inda ake zaunar da mutum a ba shi takarda da launuka a ce ya fito da abin da mata za su ɗaura baɗi. Na aure shi ina taƙama da cewa duk bikin da na shiga sai na ga aikin hannunsa a jikin wata.

Da soja suka koma bariki aka ce mulki ya dawo hannun farar hula, mun yi murna kamar kowa. Mun ɗauka komai zai gyaru. Amma a shekarun da suka biyo baya ne masaƙun suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Jiniyar da muke tashi da ita ta yi shiru, ciyawa ta cinye harabar, masu sayar da abinci a bakin ƙofa suka watse. 'Yan siyasa kan zo duk lokacin zaɓe su tsaya gaban ƙofar da aka garƙame su rantse za a buɗe. Tun muna fita kallo har muka daina.

Sai maigidan ya koma aikin kansa. Muka share ɗan shagon da ke jikin zauren gidanmu, ya sa tebur, daga baya muka sayi tsohuwar kwamfuta. Katin biki, kalandar coci, bajon 'yan Islamiyya, allon shagon mai kemis, duk abin da aka kawo yi yake. Ni kuma ina gefe ina buga wa ɗalibai da 'yan kwangila takardu. Na san ba ya son aikin, amma bai taɓa faɗa ba. Mutumin da ya saba zana abin da za a ɗaura gari-gari ya koma gyara hoton amarya don ta ƙara haske.

Hannunsa kam ba a magana. Matsalarmu ita ce yadda aiki yake shigowa. A wajenmu mutum ba ya zuwa ya ce ga abin da ya kawo shi. Zai yi sallama ya zauna, a gaisa, a tambayi iyali da gajiya, a sha ruwa, a zagi gwamnati, a tuna waɗanda suka rasu. Aikin kuwa sama-sama za a taɓa shi. Sai ya miƙe ya ce zai tafi, maigidan ya sa takalmi ya taka masa zuwa bakin titi, to a nan ne baki zai buɗe. A nan za a faɗi ranar bikin, da yadda ake rubuta sunan ango, da cewa kada a sa hoton wance don ba ta shiri da dangin miji. Duk a tsaye, keke mai ƙafa uku yana hon, ga hayaƙin bas. Maigidan ya dawo da rabin maganar a kansa, rabin ya zube a hanya.

Mun sha buga kati da ranar da ba ita ba. Mun sha ganin an dawo mana da kalanda ana cewa ba haka aka ce ba. In na tambaye shi, "To me ya faɗa maka a hanya?" sai ya sosa ƙeya ya ce, "Ya dai ce a yi mai kyau." In na ji haka raina yakan ɓaci har in kasa cin abinci.

Ni ce na kawo manhajar. Na gan ta ne a wajen wata mata mai dafa abincin taro da nake buga wa takardu, tana tsara ayyukanta a waya. Manhajar tsara aiki ce, ba wani abin al'ajabi ba. Allo ne a fuskar kwamfuta an raba shi gida-gida: gidan sabon aiki, gidan wanda ake kai, gidan wanda aka gama. Kowane aiki da katinsa, a ciki a rubuta abin da mai aikin yake so da ranar da zai karɓa, a liƙa hoto in akwai. Abin da ya fi burge ni shi ne ana iya sa mai aikin a cikin katin, ya buɗe a wayarsa ya ga abin da aka rubuta da idonsa, in bai yarda ba ya gyara. Na ce to, daga yau an daina "ba haka na ce ba" a wannan shago.

Na kafa doka. Duk wanda ya shigo, da an gama gaisawa, kujerar da ke gefena zai zauna, in yi masa tambayoyi in rubuta, in karanta masa ya ce haka ne, sannan a koma hira. Maigidan ya ce, "Maman yara, mutane za su ce mun mai da shago asibiti." Na ce su faɗa, ni dai na gaji da zubar da takarda a shara.

Kuma ta yi aiki, ba zan ci haƙƙinta ba. Matasa sun ji daɗinta, wasu ma ba sa zuwa, daga gida suke cike komai su turo. Kuskure ya ragu sosai. Sai dai allon ya nuna mana abin da hayaniya take ɓoye mana a da, wato aikin kansa ba shi da yawa. Duk mai waya yanzu shi yake haɗa katin bikinsa. Wani makon in na buɗe sai in ga gidan sabon aiki fayau, ba ko kati ɗaya. A lokacin ne ƙaninsa, wanda yake da kekuna masu ƙafa uku yana bayarwa haya, ya fara cewa akwai ɗaya a ajiye, duk ranar da Yaya ya shirya ya zo ya ɗauki makulli. Maigidan yakan yi murmushi ya ce an gode. Ni kuwa na san ranar da ya hau keken nan ba zai sake komawa tebur ba.

Ana cikin haka ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan masaƙa ta yanke shawarar yin taron zumunci, kuma suka ce ba za su yi anko da atamfar kasuwa ba. Tasu za su yi, wadda ɗansu ya zana. Akwai wani ƙaramin kamfani a wani gari da har yanzu yake buga atamfa in an kai masa zane, kuma manajansa ya ce in zanen ya yi kyau, dama yana neman wanda zai riƙa kawo masa sababbi. Ranar da aka kawo wa maigidan wannan labari, ɗaki ya shiga ya jawo akwatin da ya daɗe a ƙarƙashin gado. Buroshinsa na masaƙa suna ciki, naɗe a tsumma. Ya zauna a tsakar gida yana wanke su da ruwan ɗumi yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Rabon da in ji shi yana waƙa har na manta. Ba mu faɗa wa juna ba, amma mu biyun mun san abin da ke gabanmu: ko dai wannan atamfa ta mai da shi sana'arsa, ko kuma keke.

Mutum uku ƙungiya ta ɗora wa aikin. Akwai ciyaman, dattijo Kirista daga kudancin jihar, mazaunin unguwar Television, kowa Baba yake ce masa. Shi ne shugaban sashen saƙa a da, kuma shi ya sa baki aka ɗauki maigidan aiki yana saurayi. Akwai ma'aji, wani Alhaji ɗan unguwar Makera da ya koma sayar da kayan gini ya ɗan samu rufin asiri. Sai shugabar mata, wata Hajiya daga unguwar Mahuta da ta yi aiki a sashen duba yadi, mace mai baki.

Na ce wannan karon ba zan yi sake ba. Na nemi su zo tare, na zaunar da su a falo, na kawo zoɓo mai sanyi, na juya musu fuskar kwamfuta. An yi ja-in-ja ba kaɗan ba, amma daga ƙarshe suka tsaya a kan abu mai kyau. Ƙasan atamfar shuɗi mai duhu, a kansa ƙoshiyar saƙa da farin furen auduga suna bin juna. Ba rubutu, ba hoton gini ko na mutum, ba launin da za a ce na wata jam'iyya ne. Na rubuta, na karanta musu da ƙarfi.

"Haka ne, Baba?"

"Haka ne, 'yata. No wahala."

"Alhaji fa?"

"Madalla. Abu ya yi tsari kamar a banki."

"Hajiya?"

"Ni dai a yi abin da ba za a yi mana dariya ba."

Na karɓi wayoyinsu na sa su a katin. Ta Baba 'yar ƙarama ce mai tocila, sai muka sa ta 'yarsa. Da suka tashi maigidan ya raka su gaba ɗaya, ni kuma na tsaya a taga ina kallo har suka hau keke. Ba wanda ya ja shi gefe. Na koma ciki ina kwashe kofuna ina jin na ci nasara.

Ba a daɗe ba maigidan ya fitar da zanen farko, na gwaji, a 'yar takarda. Da na gan shi sai da na nemi wuri na zauna. Ƙoshiyoyin suna tafiya a karkace kamar da gaske zare suke ja, furen kuma bai cika wuri ba, ya bar wa shuɗin sarari. Irin atamfar da tsohuwa za ta ɗaura ta yi mata kyau, yarinya ma ta ɗaura ta yi mata kyau. Na ɗauki hotonsa na liƙa a katin, su ukun suka ce ya yi. Abin da ya rage shi ne babban aikin: ya zana shi a cikakken girmansa, sannan ya fitar da kowane launi a takardarsa daban, don haka kamfanin yake karɓa. Wannan shi ne mai cin makonni.

Sai ga Baba shi kaɗai wata hantsi, wai daga asibiti yake ya biyo ya gaishe mu. Ya zauna, ya sha ruwa, ya yi ƙorafin gwiwa, bai ko kalli teburin zane ba. Da zai tafi maigidan ya raka shi, kuma rakiyar ta daɗe. Bayansa Alhaji ya zo, wai siminti ya kawo wa wani a layinmu. Hajiya kuma ta zo da dambun nama a leda ta ce na yara ne. Ba wanda ya ambaci atamfa a gabana, kuma kowa an taka masa zuwa titi.

Ni nake share shago kowace safiya, shi ya sa na ga abin yana faruwa a hankali. Wata safiya na tarar ƙofar masaƙa ta bayyana a tsakanin ƙoshiyoyin, har da sarƙa da kwaɗo. Wata safiyar gefen zanen ya sami ratsi na wasu launuka da duk wanda ya taɓa ganin fasta a Kaduna ya san na wace jam'iyya ne. Daga nan furen audugar ya kumbura, ya koma ruwan gwal, ya danne komai. Na ajiye tsintsiya na jira shi.

"Malam, mene ne wannan?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Gyara ne."

"Wa ya ce a gyara? Ga allo nan, ba wanda ya rubuta komai."

Sai da na matsa masa sannan ya faɗa. Baba ya riƙe masa hannu a bakin titi ya ce shi dai kafin ya mutu yana so ya ga ƙofar nan a jikin mutane, don jikoki su san akwai ranar da iyayensu suka zo aiki suka tarar da kwaɗo. Alhaji ya ce akwai wani ɗan takara da ya yi alkawarin ɗaukar nauyin bugawa in ya ga alamar ana tare da shi, ɗan ratsi ne kawai, ba wanda zai lura. Hajiya ta ce mata suna gunaguni shuɗin ya yi kama da yunifom, a sa abin da za a iya shiga biki da shi bayan taro. Kuma kowannensu da magana ɗaya ya rufe: kada a sa a wannan abin naku, tsakanina da kai ne, kar a ce na juya magana bayan mitin.

Na ce, "To mu rubuta. Mu sa a katin cewa Baba yana son kaza, Alhaji yana son kaza, su uku su gani su daidaita a tsakaninsu."

Ya ce, "Maganar rakiya ba a rubuta ta."

"In ji wa?"

"Maman yara, mutum ya zauna a falo cikin jama'a bai faɗa ba. Ya jira sai da muka rage mu biyu a titi. Me kike gani ya sa ya jira? In na sa a allo na tona masa asiri ke nan. Baba ne fa. Shi ya kai ni masaƙa da hannunsa."

"To ka ce musu ba zai yiwu ba."

"A titi? Yana riƙe da hannuna?"

Ranar na yi faɗa har maƙwabta suka ji. Na ce masa wannan kunyar tasa ita za ta ɗora shi a kan keke. Na ce ya koma kan zanen farko ya rabu da su. Ya ce ya riga ya ce wa kowannensu an gama, in suka zo taro suka ga babu, ya zama maƙaryaci a wajen mutum uku a rana ɗaya. Yana ta gauraya launi, wai yana neman yadda gwal da ratsin nan za su zauna wuri ɗaya ba su yi faɗa ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na san ba ƙarya yake yi ba. Ni ma a irin gidan na tashi. Mahaifiyata ba ta taɓa neman alfarma a cikin ɗaki ba, sai a zaure, tana gyara mayafi, ta ce af, har na kusa mantawa. Kuma da wani ya maimaita abin da ta faɗa a zauren nan a gaban mutane, da ta yanke zumunci da shi har ƙarshen rayuwarta.

Duk da haka na gwada abin da zan iya ba tare da na kama sunan kowa ba. Na rubuta a katin cewa duk wanda yake son a canza wani abu a zanen, don Allah ya faɗa a nan kafin a kai kamfani, ba laifi ba ne, dama don haka aka yi wurin. 'Yar Baba ta amsa cewa Baba ya ce komai ya yi, Allah ya sa albarka. Alhaji ya turo hoton babban yatsa. Hajiya kuwa muryarta ta naɗo ta turo: "Madam, ni ba ni da ta cewa, abin da aka tsayar a mitin shi ke nan." Na yi ta maimaita sauraron muryar nan ina mamakin yadda ko rawa ba ta yi ba. Daga nan na gane allon nawa ba ya jin abin da ba a so ya ji.

Ranar nuna zane, wata Asabar ce da la'asar, a ajin wata makarantar firamare a nan Kakuri. Tsofaffin ma'aikata sun cika bencina, maza da huluna da suka koɗe, mata wasu da mayafi wasu da ɗankwali, mutanen da rabon wasu da haɗuwa tun ana aiki. Maigidan ya sa farar kaftaninsa ta Juma'a. Ya warware takardar ya manna a baƙin allo ya koma gefe. Na lura da yadda ya yi iya ƙoƙarinsa, ya rage girman kwaɗon, ya sirantar da ratsin, amma abu uku da ba su san juna ba an cusa su wuri ɗaya, ido ba ya samun inda zai tsaya.

Can wani daga baya ya ce, "Wannan atamfa ce ko kalanda?" Aka yi dariya. Wani ya taso ya sa yatsa a kan ratsin ya ce, "Ashe kamfen aka kira mu." Nan take aji ya ruɗe, don rabin mutanen ba sa ga maciji da waccan jam'iyyar. Wata mata da mijinta ya rasu yana jiran haƙƙinsa na sallama ta ce ita ba za ta ɗaura kwaɗo a jikinta ba, wanda ta gani da ido ya ishe ta.

Sai Alhaji ya miƙe ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya sa tabarau, ya fito da waya, ya buɗe katin, ya karanta shi kalma-kalma. Ba rubutu, ba hoton gini ko na mutum, ba launin jam'iyya. Ya ce, "Ga abin da kwamiti ya tsayar, a rubuce yake, Madam ce ta rubuta da hannunta. Inda aka samo sauran kuma, Allah masani." Hajiya ta ce, "Ni ma yau na fara ganin wannan gwal ɗin." Baba ya sunkuyar da kai yana juya sandarsa a ƙasa.

Abin da na kawo don ya kare mijina shi aka ɗaga aka ba da shaida a kansa, da kalmomina. Ban san lokacin da na miƙe ba. Maganar tana bakina, duk ukun, da ranar da kowa ya zo da abin da ya ce. Maigidan ya kalle ni daga inda yake tsaye ya ce a hankali, "Zauna, Maman yara." Sannan ya juya ga jama'a ya ce, "Ku yi haƙuri. Kuskurena ne. Hannu ya daɗe bai yi aiki ba."

Wannan maganar ta fi komai yi min ciwo. Da ya ce mantuwa ce, ko ya ce bai fahimta ba, da da sauƙi. Amma hannunsa ya ɗora wa laifin, abu ɗaya da ya rage masa wanda ba a taɓa kushewa ba, a gaban mutanen da suka san shi da shi.

Wani ya tambaya ko ba za a koma kan zanen farko ba. Maigidan ya ce za a iya, sai dai fitar da launukan zai ɗauki lokaci. Alhaji ya ce lokaci ya ƙure, kuma wanda ya yi niyyar taimakawa da bugawa ba lallai ne ya ci gaba ba tunda abu ya zama surutu. Ya ce a je kasuwa a zaɓi mai kyau a huta. Ba wanda ya musa. Haka tsofaffin ma'aikatan masaƙa suka tashi a kan za su yi anko da atamfar da ake shigowa da ita daga waje, irin wadda ta kashe musu aiki. Na duba fuskokinsu ko akwai wanda abin ya dama, na ga kowa takalminsa yake nema.

A ƙafa muka dawo gida, yana riƙe da takardar a naɗe a hamata. Bayan 'yan kwanaki Baba ya zo. Ya zauna, ya sha ruwa, ya tambayi yara, ya yi ƙorafin gwiwa. Ban fito na gaishe shi ba, daga bayan labule na amsa. Maigidan ya raka shi kamar yadda ya saba. Da ya dawo na tambaye shi me ya ce. Ya ce, "Ya ce Allah ya saka min da alheri." Ban ce amin ba.

Maigidan ya sayi ankon kamar kowane ɗan ƙungiya, ya kai wa tela, ya sa ya je taron. Na hango shi a can cikin rumfa, ana ta jawabi, shi kuwa ya juya bakin hannun rigarsa yana duba yadda launin ya zame ya fita daga layi. Manajan kamfanin bai neme shi ba. Daga baya muka ji labari ya kai masa cewa mai zanen ba ya iya bin abin da aka rubuta masa. Ba a yi wata guda ba maigidan ya je wajen ƙaninsa ya karɓo makulli.

Ina amfani da manhajar har yanzu a kan ɗan aikin buga takardu da nake samu, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba. Shi kuwa yana fita da safe ya bi hanyar Kakuri zuwa Television, wani lokaci har Mahuta, ya dawo da yamma idanunsa ja, kafaɗunsa suna ciwo. Teburin ya koma wurin ajiye kwanuka.

Wata safiya yana goge keken a ƙofar gida sai ga wata mata ta yi sallama. Ta ce daga Television take, an kwatanta mata cewa nan akwai tsohon mai zanen masaƙa. 'Yarta za ta yi aure, kuma tana so a yi musu atamfar da ba a taɓa gani a jikin kowa ba, ta riga ta yi magana da masu bugawa. Kafin ta rufe baki na jawo mata kujera, na kunna kwamfuta, na buɗe sabon kati.

Maigidan ya matse tsumman hannunsa ya ce, "Madam, ki yi haƙuri, na daina."

Ta ce ba sauri take ba, akwai lokaci. Ta ce wadda ta turo ta har yanzu tana da atamfar da ya zana tun tana amarya.

Ya ce, "Na gode. Amma na daina."

Shekara da shekaru ina roƙonsa ya koyi cewa a'a, ban taɓa zaton a kan wannan zai fara ba. Na zauna a gaban katin da ban rubuta komai a cikinsa ba, ina jin kuka yana taso min, na haɗiye shi don akwai baƙuwa.

Matar ta miƙe ta ɗauki jakarta. Ya tambaye ta ko gida za ta koma, ta ce e. Ya ce, "Shiga, hanyata ce." Ta shiga baya ta gyara zama, ya tayar da keken, suka bi layi suka fita titi.

Da ya dawo cin abinci da azahar na tambaye shi ko ta sake yin maganar a hanya. Ya ce ta yi, tun daga Kakuri har ƙofar gidanta. Na ce to me ka ce mata? Ya ce ya karɓi kuɗin keke ya ba ta canjinta.